Mai Kai Godiya

Hantsi ya fara ɗagawa, ruwan da aka yi da asuba ya ɗauke amma gari bai washe ba, indararo na ta ɗiga a bakin zaure. Almu na zaune a kan dakali, kwanon koko a gefensa a rufe. Yunwa yake ji, amma ba zai buɗe ba sai surukarsa ta fita, don ba a taɓa yin ranar da ta gan shi yana kai abu baki ba.

Zauren ba nasa ba ne. Gidan Hajiya Suwaibatu ne a Yankara, uwar matarsa Hafiza. Bara war haka yana da gidansa a Unguwar Marke, can ƙasar Sabuwa bakin daji, da gonarsa ta gado da shanun huɗa. Mutanen daji suka matsa wa ƙauyen, yau a kore dabbobi, gobe a tare hanya, har ranar da aka ce kowa ya tashi. Da ya rasa inda zai kai matarsa, sai ya kawo ta gidan uwarta, shi ma ya maƙale a nan. Namiji da ƙarfinsa yana kwana gidan surukai yana cin tuwonsu, wannan abin shi ke cin sa.

Shi ya sa ya yanke shawara. Ya ji wasu sun fara lallaɓawa suna komawa ƙauyen, su yi noma da rana su ɓuya da yamma. Wasu sun dawo da labari, wasu har yau ba a ji ɗuriyarsu ba. Almu ya riga ya yi magana da Sha'ibu ɗan acaɓa, ranar kasuwa mai zuwa zai ɗauke shi.

Hafiza ta leƙo daga cikin gida, hannunta duk kumfar wanke-wanke.

"Malam, kokon zai huce."

"Bari Hajiya ta hita."

"Ta hita tun ɗazu ta ƙofar baya. Ta ce in ta biyo ta nan, sai ka wuni da yunwa."

Ƙofar baya ta awaki ce, sai mutum ya duƙa, ga caɓi bayan ruwa. Almu ya dubi kwanon ya ji yunwar ta tafi. Ya dai kurɓa don kada a mayar da shi yadda ya zo, ya ɗauki wayarsa ya fita.

Akwai wani mangwaro bayan makarantar firamare, nan ne sabis ke kamawa sosai. Nan yake zuwa kullum da hantsi tun watan jiya, lokacin da ya je ƙaramin asibiti yana cewa ƙirjinsa na yi masa nauyi. Ma'aikaciyar da ya samu, Blessing, 'yar wani ƙauye ce ta wajen Ƙanƙara. Ta auna shi ta sake aunawa, ta ce jininsa lafiya lau.

"Wannan ciwon ba na allura ba ne," in ji ta. "Da wa kake hira?"

Ya yi tunani, ya ce ba kowa.

Ta karɓi wayarsa ta sa masa wani abu. Ta ce ba mutum ba ne, kada ya ce ba ta gaya masa ba, na'ura ce, amma tana jin Hausa kuma ba ta kai gulma majalisa. Ya danna ya yi magana, a ba shi amsa da murya, ba sai ya iya rubutu ba. In nauyin ya ƙaru kuma ya dawo wurinta, kada ya dogara da waya. Muryar da ke amsawa Hausar rediyo take yi, don haka Hafiza ta sa mata suna ɗan Kano. Shi Almu Malam yake ce masa, don bai san yadda ake kiran mai ba da shawara da wani suna ba.

Tambaya ɗaya ɗan Kano ke fara yi kullum: jiya me ya ɗan sanyaya maka rai, ko da ƙarami ne? Da farko Almu amsar da kowa ke bayarwa yake bayarwa.

"Alhamdulillahi."

"Alhamdulillahi," in ji muryar. "Ta hannun wa Allah ya kawo?"

Almu ya ga kamar rashin ta ido ne a bi bayan Alhamdulillahi da tambaya. Amma da yake ba mai ganinsa, sai ya fara amsawa. Mai shayi ya matsa masa wuri a benci. Hafiza ta yi dariya har ta zubar da gari. Wani tsoho a masallaci ya san ubansa. Kwanakin farko abin ya yi masa daɗi, har abinci ya fara shiga. Daga baya ne ya lura duk inda ya juya hannu ɗaya yake tararwa. Hajiya ce ta kwashe kayanta daga ɗakin marigayi mijinta ta ba su. Ita ta sa aka kafa zana a tsakar gida don ya riƙa wucewa ba su haɗa ido ba. Ita ke gaya wa maƙwabta wai ita ta roƙe shi ya zo ya taya ta zama, gidan ya yi mata girma. Yau kuma ga ƙofar awaki.

Ya jingina da mangwaron ya danna.

"Malam, aikin nan naka ya juye. Da ban san yawan abin ba, ina zamana. Yanzu kullum sai ka sa na ɗauko ɗaya na duba, kuma duk nata ne. Nauyin ƙaruwa ya yi."



"Na ji ka, Almu. Wataƙila don godiyar a wurina take tsayawa, ni kuwa ba ni na yi maka ba. Ka taɓa gaya mata?"

"Ina ni ina gaya mata."

"Ka gwada. Ka same ta ita kaɗai, ka dube ta, ka faɗi abubuwan da ta yi maka ɗaya bayan ɗaya, ka ce ka gode. Mutane da yawa suna jin sauƙi bayan haka, wanda aka gode wa ma yana jin daɗi."

Almu ya dawo gida yana juya maganar. Wani ɓangare na zuciyarsa ya san ba a yin haka. Amma ya ce a ransa, abin da ya san maganar mutane da yawa ai ya fi shi sani, kuma tunda tafiya zai yi, ba ya so ya fita da bakinsa a rufe.

Bayan la'asar Hajiya na tsakar gida a kan tabarma tana tsince kalwa. Almu ya cire takalmi tun daga bakin zana, ya zo ya durƙusa nesa kaɗan. Ta amsa gaisuwarsa kanta a sunkuye, kamar kullum, tana jira ya wuce. Bai wuce ba. Ya ɗago kai ya dube ta, ya fara. Ya faɗi ɗakin, ya faɗi zanar, ya faɗi maganin da ta dafa masa lokacin zazzaɓi, ya faɗi abin da take gaya wa maƙwabta. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙofar awaki.

Hannun Hajiya ya tsaya a cikin kalwar. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Hafiza," ta ce, ba da ƙarfi ba. "Zo ki ga mijinki ko lahiya."

Ta tashi ta bar farantin a nan ta shige ɗaki. Kaji suka taru a kan kalwar, ba wanda ya kore su.

Washegari koko ya zo a cikin wani kwano mai fure da murfi mai ƙyalli, wanda ke zama a saman kabad. Hafiza ta ajiye ta tsaya a kansa.

"Ka gane kwanon?"

"Na gane."

"Na baƙi ne. Ta ce tunda ka zama baƙo mai jera godiya, a riƙa ba ka a ciki. Jiya ko tuwo ba ta ci ba. Tana ta tambayata wa ya ce maka ta gaji da kai, ko wani ya yi maka gori a waje. Ta ce yaro ba ya zama gaban uwa yana jera mata abin da ta yi mishi, sai in raba hanya zai yi." Ta dube shi. "Ai raba hanyar za ka yi, ko ba haka ba? Ni dai ban gaya mata zancen Sha'ibu ba. Bakina ba zai iya ba."

Ranar ya riga hantsi zuwa gindin mangwaro. Almu ba mai faɗa ba ne, ko da waya, amma ya gaya wa ɗan Kano duk yadda aka yi, bai rage ba.

"Ka yi haƙuri," in ji muryar. "Na ba ka shawara ban tambaye ka yadda ake yi a wurinku ba. Kuskurena ne. To yaya ake yi, in mutum yana son ya gode wa surukarsa?"

Ba wanda ya taɓa tambayar Almu wannan, don kowa ya sani. Sai da ya tsaya ya nemo kalmomin.

"Ba shi ke yi ba. Babbansa ne ke zuwa, ubansa ko ƙanen ubansa. Ya sa babbar riga, ya riƙo goro, su zauna su biyu su yi ta da bakinsu. Shi yaron yana waje. In ya shigo ma sai dai ya kawo ruwa ya hita. Ta haka ita ba ta ji kunya ba, shi ma bai ji ba, kuma gari ya san yana da mutane."

"Kana da wanda zai zo?"

Almu ya bi wata tururuwa da ido tana hawa saiwar mangwaron. Ubansa ya rasu tun yana saurayi. Saura Baba Gide, ƙanen uban, wanda ke zaune a Mairuwa tun tashin ƙauyen. Ranar da za a tashi, Almu ya ce ba zai hau mota ba sai ya koma ya kwanto shanunsa. Baba Gide ya mare shi a gaban matarsa da gaban jama'a, ya tura shi cikin motar. Shanun ba a sake ganinsu ba. Tun ranar Almu bai taka inda tsohon yake ba, ko gaisuwar salla bai aika ba.

Ya gaya wa wayar wannan ma, a taƙaice.

"Ba zan ce maka ka je ba," in ji ɗan Kano. "Na yi saurin baki sau ɗaya, ya isa. Kai ka san mutanenka. Abu ɗaya dai zan faɗa: tafiyar nan da kake shiryawa mai haɗari ce, kuma ban da Sha'ibu, ni da Hafiza kaɗai muka sani. Ya kamata wani babba naka ya ji, ko wane ne."

Almu ya kashe wayar ya sa a aljihu. Ya zauna har inuwar ta matsa ta bar ƙafafunsa a rana. Abin da ya tashe shi kwanon nan ne mai fure. Ya ce ko zai tafi, ba zai bar tsohuwar a haka ba.

Ana gobe kasuwa ya shiga motar Funtuwa ya sauka Mairuwa. Ya sami Baba Gide a wata rumfa bayan tasha yana sassaƙa ƙotar fartanya, ya rame, gemun ya ƙara fari. Almu ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya ci gaba da sassaƙarsa har ya gama gefen da yake yi.

"Wa nake gani kamar Almu?"

"Ni ne, Baba."

"Ashe ba a kore ƙafafunka tare da shanun ba."

Aka kawo wa Almu ruwa ya sha. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi, tun daga ɗakin marigayi har zuwa kaji a kan kalwa. Baba Gide ya ajiye gizagon.

"Kai da bakinka?"

"Eh, Baba."

"Ka dube ta?"

"Na dube ta."

Tsohon ya yi dariya har tari ya kama shi, sai da Almu ya miƙa masa sauran ruwan.

"Wa ya koya maka wanga aiki?"

"Waya ce. Wani abu ne a ciki mai ba da shawara."

"Ita wayar tana da suruka?"

"Ba ta da ita. Ta ce ma a yi haƙuri."

"To ta hi ka hankali."

Da dariyar ta lafa, Almu ya sunkuyar da kai ya faɗi zancen komawa Unguwar Marke. Baba Gide ya ɗauki ƙotar ya shafa ta da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa. Hannun nan ne dai da ya mare shi. Almu ya jira faɗa, ko abin da ya fi faɗa.

"Godiya zan je in yi," in ji tsohon a ƙarshe. "Nauyina ne, tun bara ya kamata, kai ka hana ni da fushinka, ni ma na biye maka. Sauran maganar ba ni da ƙarfin sake jefa ka cikin mota."

Ranar kasuwa da safe suka iso Yankara tare, Baba Gide cikin babbar riga mai ƙamshin adaka, da ƙunshin goro a ganye. Aka yi masa shimfiɗa a tsakar gida. Almu ya zauna a zaure, inda zana ba ta hana magana wucewa.

An daɗe ana gaisuwa. Aka tambayi gida da gajiya da damina da mutanen Mairuwa, aka yi wa waɗanda suka rasu addu'a. Sannan Baba Gide ya gyara murya ya fara godiya, irin ta manya, wadda ba a ambaton ɗaki ko zana ko kwano. Ya ce sun ga abin da aka yi musu, danginsu duka sun gani, na kusa da na nesa, Allah ya saka, Allah ya jiƙan maigidan nan. Ya ce yaro kuma ya yi ɓaranɓarama, a yafe masa, rashin babba ne a kusa.

"Sai yanzu, Alhaji?" in ji Hajiya. Muryarta ta saki, Almu bai taɓa jin ta haka ba. "Ni na ɗauka daga sama ya faɗo, ba shi da kowa."

"Laihinmu ne, Hajiya."

"Ya zo ya tsare ni da ido kamar mai karanta sammaci. Na rasa inda zan sa kaina."

"Waya ce ta aike shi."

"Na ji. Ɗan Kano."

Suka yi dariya su biyu, har da Hafiza daga madafa. Almu ya ji kunya ta rufe shi, amma wannan kunyar mai sauƙi ce, irin wadda yaro ke ji in manya na zancensa.

Sai Baba Gide ya sauke murya ya ce akwai wata magana. Yaron yana son ya koma gonarsa, yau ɗin nan. Ya ce zama ba noma ya ishe shi.

Almu na jin kukan awaki a baya da hayaniyar masu wucewa kasuwa.

"Noma yake nema?" in ji Hajiya. "Gonar marigayi tana nan hanyar fadama, ciyawa ta hi dawar tsawo. Yarana maza suna kudu, sai dai su bugo waya su ce a sa 'yan ƙodago, su kuma 'yan ƙodago su karce sama-sama su tahi. Tun ruwan fari nake son in yi magana. To da wane baki? A ce Suwaibatu ta samu surukin da ba shi da wurin zuwa ta mai da shi bara?"

"Ai ga baki ya zo," in ji Baba Gide.

Suka shiga tsara abin a tsakaninsu, ba wanda ya kira Almu. Shi zai riƙe gonar, in an girbe a zuba a rumbu biyu, nata da nasa. Baba Gide ya ce fartanya a wurinsa, yana da ƙota mai kyau da ya gama jiya. Hajiya ta ce a gaya wa yaron gefen gabas yana riƙe ruwa, kada ya ce ba a gaya masa ba.

Hafiza ta fito da buta za ta wuce waje. Ba ta dube shi ba, ta dai taka masa yatsan ƙafa da gangan ta wuce.

Ba a jima ba aka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Sha'ibu ne, ya ɗaure jarka a baya.

"Almu, mu tahi, rana na yi. Ina so in juyo kahin azahar."

Almu ya miƙe ya fito. Ya dubi hanyar da ta yi kudu, ya daɗe yana kallo, har Sha'ibu ya sake murza babur ɗin.

"Baba za ka kai Mairuwa," in ji Almu.

"Sabuwa fa?"

"Akwai ciyawa a gonar Hajiya."

Sha'ibu ya ɗaga kafaɗa ya juya kan babur. Baba Gide ya fito yana tauna goro, ya dafa kafaɗar Sha'ibu ya hau da ƙyar. Gefen babbar rigar ya zubo yana lilo dab da ƙafar baya. Almu ya duƙa ya tattaro shi, ya naɗe, ya cusa a ƙarƙashin cinyar tsohon, ya ja ya ga ya zauna. Baba Gide na gaya wa Sha'ibu ya bi a hankali wajen kwalbati, akwai rami. Babur ya tashi, suka bi ta cikin masu kai awaki kasuwa.